Amsar Tambaya: Me Ya Sa Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Amurka Suke Saɓa wa Juna?

Tambaya: Kusan kowane mako sai mun ji a rediyo cewa wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta dakatar da wani mataki na gwamnati a kan baƙi ko a kan haƙƙin jama'a, ba a jima ba kuma sai a ce wata kotun ta ba gwamnati gaskiya a kan magana iri ɗaya. Ina da ƙane da yake zaune a can, takardunsa kuma suna gaban hukuma. Wane hukunci ne yake aiki a kansa, kuma yaya kotunan ƙasa ɗaya suke karo da juna haka?

Amsa: Malam, hukuncin da yake aiki a kan ƙanenka shi ne na shiyyar da shari'arsa take, matuƙar Kotun Ƙoli ba ta riga ta yi magana a kan batun ba, kuma yawancin abin da kake ji a labarai mataki ne na wucin gadi wanda ake ɗauka tun kafin a kai ga ainihin shari'ar. Abin da yake rikita mu shi ne mun saba da tsarin Nijeriya, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara guda ɗaya ce mai rassa a Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos, Legas da sauran birane, idan kuma rassa biyu suka saɓa wa juna ana ɗaukar hakan a matsayin aibi da ya kamata a gyara. A Amurka kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya guda 13 ne, kowacce mai zaman kanta: 11 masu lamba waɗanda suka raba jihohin ƙasar a tsakaninsu, ɗaya ta birnin Washinton, ɗaya kuma da take kula da wasu fannoni na musamman kamar kwastan da haƙƙin ƙirƙira. A ƙarƙashinsu akwai kotunan gunduma 94. Hukuncin da kotun shiyya ta biyar ta yanke a New Orleans yana ɗaure alƙalan tarayya a Texas, Luwiziyana da Misisipi, amma alƙalin da yake zaune a New York, wanda ke ƙarƙashin shiyya ta biyu, yana iya karanta shi ya ce bai gamsu ba, kuma babu wanda zai ce ya yi laifi.

Alƙalai uku ne suke zama a kan kowace ƙara, biyu daga cikinsu kuma sun isa rinjaye. Wanda aka kayar yana iya roƙon dukan alƙalan shiyyar su sake zama a kai, idan kuma suka amince to hukuncin alƙalai ukun nan ya rushe tun daga ranar, kamar ba a taɓa yin sa ba. Daga nan sai Kotun Ƙoli, wadda ba dole ba ne ta saurari kowa, domin sai huɗu daga cikin alƙalanta tara sun yarda kafin a karɓi ƙara. Kotunan shiyya suna karɓar ƙararraki kimanin 40,000 a shekara, ita kuwa Kotun Ƙoli abin da take saurare bai cika wuce 60 zuwa 70 ba. Saboda haka ga mafi yawan mutane kotun shiyya ita ce tashar ƙarshe, kuma saɓani tsakanin shiyyoyi yakan daɗe shekaru kafin a waiwaye shi.

Shari'ar dokar abokan gaba ta 1798 ta nuna yadda labari ɗaya yake juyawa sau da yawa. A watan Maris na 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta jingina da wannan tsohuwar doka, wadda aka yi domin lokacin yaƙi, ta fara kwashe 'yan Benezuwela da take zargin 'yan ƙungiyar masu aikata laifuka ta Tren de Aragua ne zuwa wani kurkuku a El Salbado. A watan Afrilu Kotun Ƙoli ta ce dole a sanar da mutum a kuma ba shi damar ƙalubalantar korar, amma sai a kotun yankin da ake tsare da shi. Da yake a Texas ake tsare da yawancinsu, magana ta faɗa hannun shiyya ta biyar, inda a farkon Satumba alƙalai biyu cikin uku suka ce babu wata mamaya ko farmaki irin wanda dokar take nufi. Kafin wata ya ƙare, cikakken zaman kotun ya amince zai sake duba lamarin, hukuncin farko kuma ya rushe. Wanda ya ji labari a farkon wata ya ji cewa gwamnati ta sha kaye, wanda ya ji a ƙarshen wata ya ji akasin haka, kuma duka biyun gaskiya aka faɗa musu.

Akwai kuma batun wa hukunci yake karewa. A da alƙalin gunduma guda yana iya dakatar da wata manufa ta gwamnati a faɗin ƙasar baki ɗaya, kuma an yi wa Obama, an yi wa Biden, an yi wa Trump. A ranar 27 ga Yunin 2025, a shari'ar CASA, Kotun Ƙoli da rinjayen shida da uku ta ce alƙalan tarayya ba su da wannan iko, sai dai su ba da kariyar da ta isa waɗanda suka shigar da ƙarar. Asalin shari'ar kuwa umarnin da shugaban ya sa wa hannu ne ranar 20 ga Janairun 2025, na hana takardar zama ɗan ƙasa ga jaririn da aka haifa a Amurka idan iyayensa ba su da izinin zama ko kuma zamansu na ɗan lokaci ne. Kotun ba ta taɓa ainihin tambayar ba a ranar, wato ko umarnin ya saɓa wa gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda aka yi a 1868 aka kuma fassara shi a shari'ar Wong Kim Ark ta 1898. Lauyoyi suka bi ta ƙofofin da aka bari a buɗe: wani alƙali a New Hampshire ya karɓi ƙara a madadin dukan jariran da abin ya shafa a matsayin rukuni guda, shiyya ta tara kuma a watan Yuli ta ce umarnin ya saɓa wa kundin, ta ƙara da cewa jihohin da suka kai ƙara ba za su sami cikakkiyar kariya ba sai an dakatar da shi ko'ina, tunda mutane suna ƙaura daga jiha zuwa jiha. Shiyya ta ɗaya ta bi sahu a watan Oktoba, sannan a Disamba Kotun Ƙoli ta amince ta saurari ainihin maganar.

Yanzu ga abin da ya fi shafar ƙanenka, wato hanyar da shari'ar shige da fice take bi. Wanda ake kira alƙalin shige da fice ma'aikaci ne na Ma'aikatar Shari'a, yana ƙarƙashin Antoni Janar, wanda yake iya naɗa shi, ya sauke shi, har ma ya karɓe wata shari'a ya yanke ta da kansa. Idan wannan alƙalin ya ba da umarnin kora, ana ɗaukaka ƙara zuwa hukumar BIA, wato hukumar sauraron ɗaukaka ƙarar shige da fice, ita ma a cikin ma'aikatar take. Sai bayan nan ne mutum yake isa gaban alƙalai masu cikakken 'yanci, waɗanda aka naɗa har iya rayuwa, ta hanyar shigar da buƙatar bita a kotun shiyyar da alƙalin farko ya kammala shari'ar a cikinta. Kwana 30 kacal doka ta bayar daga ranar umarnin ƙarshe. A shari'ar Riley ta Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ce wannan wa'adi ba ya cikin sharuɗɗan da suke kwance wa kotu hurumi, amma kada wannan ya ruɗi kowa, domin idan lauyan gwamnati ya tayar da maganar makara, galibi kotu za ta bi shi.

Shigar da buƙatar bita ba ya hana a sa mutum a jirgi. Dole ne a nemi umarnin dakatarwa daban, kuma ma'aunin da ake amfani da shi ya samo asali ne daga shari'ar wani ɗan Kamaru, Jean Marc Nken, wanda shiyya ta huɗu ta ƙi dakatar da korarsa, ya kai magana Kotun Ƙoli a 2009. Kotun ta ce a duba ko akwai alamar zai yi nasara, ko zai cutu cutar da ba ta gyaruwa, ko dakatarwar za ta cuci ɗaya ɓangaren, da kuma maslahar jama'a. Wannan ma'auni na Nken shi ne kotuna suke ambata a yau a kusan kowace buƙatar dakatar da hukunci a takaddama tsakanin gwamnati da masu ƙara, ko da batun bai shafi baƙi ba, kuma shi ya sa hukunce-hukuncen gaggawa suke cike da kalmar "mai yiwuwa". Idan kotu ta ce mai yiwuwa ne gwamnati ta yi nasara, hasashe take yi a kan takardun da aka haɗa cikin 'yan kwanaki, jaridu kuma su buga shi kamar an gama.

Ko an isa kotun shiyya, abin da take iya dubawa ƙayyadadde ne. Ba ta kiran shaidu, ba ta karɓar sabuwar hujja, kuma idan alƙalin farko ya ce bai yarda da labarin mai neman mafaka ba, ba za ta juya wannan ba sai idan duk wani alƙali mai hankali dole ne ya ga akasi. A shari'ar Patel ta 2022 Kotun Ƙoli ta ce a buƙatun da suke hannun hukuma ta ga dama ta bayar ko ta hana, kamar sauya matsayi zuwa katin zama na dindindin a lokacin shari'ar kora, kotunan tarayya ba su da ikon sake duba abin da aka tabbatar na gaskiyar lamari, ko da kuskure ne bayyananne. Shari'ar Wilkinson ta 2024 ta ɗan sassauta, ta ce ana iya duba ko wahalar da iyali za su shiga ta kai mizanin da doka ta gindaya. A ganina wannan ne darasin da iyalai suka fi rasawa: ana cin shari'a ko a faɗi ne a zaman farko, lokacin da ake tara takardun asibiti, shaidar aure, rahoton 'yan sanda da fassarar da ta dace, kuma kuɗin da ake ajiyewa domin babban lauya a matakin ɗaukaka ƙara da an kashe shi tun farko da ya fi amfani. Haka kuma mai neman mafaka dole ne ya shigar da buƙatarsa cikin shekara guda da shigowarsa, sai in akwai uzuri da doka ta sani.

A batun tsarewa ne saɓanin shiyyoyi ya fi cizo. Bayan shari'ar Jennings ta 2018, inda Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta tanadi zaman beli bayan kowane wata shida ba, an bar wa kotunan shiyya su faɗi abin da kundin tsarin mulki yake buƙata. Shiyya ta biyu, a shari'ar Black ta 2024, ta ce idan tsarewa ta yi tsawo fiye da kima dole ne a yi zaman beli, kuma gwamnati ce za ta kawo hujjar cewa mutumin haɗari ne ko zai gudu. A 2024 ɗin dai shiyya ta takwas, a shari'ar wani ɗan asalin Kwaddibuwa mai suna Banyee, ta ce muddin shari'ar kora tana gudana to tsawon tsarewa ba ya saɓa wa kundin. Mutum biyu masu laifi iri ɗaya da tarihi iri ɗaya, ɗaya a New York ɗaya a Minesota, ɗaya zai ga alƙalin beli ɗaya ba zai gani ba. Ko a kan wa nauyin kawo hujja yake a zaman beli na yau da kullum an rabu: shiyya ta ɗaya ta ɗora shi a kan gwamnati, ta huɗu ta bar shi a kan wanda ake tsare da shi.

Da yake ƙarar neman saki ana shigar da ita ne a gundumar da mutum yake tsare, inda hukuma ta kai shi yana iya sauya dokar da za a yi masa aiki da ita, kuma Texas da Luwiziyana, waɗanda suke shiyya ta biyar, su ne suka fi ko'ina yawan gidajen tsare baƙi. An ga wannan ƙarara a shari'ar Rümeysa Öztürk, ɗalibar digirin digirgir 'yar Turkiyya a jami'ar Tufts, wadda aka kama a Masachusets a watan Maris na 2025, aka ratsa da ita New Hampshire da Vermont, aka dire ta a Luwiziyana. Lokacin da lauyarta ta shigar da ƙara, ɗalibar tana Vermont, don haka a watan Mayu shiyya ta biyu ta ƙi goyon bayan gwamnati, ta ce a mayar da ita Vermont, alƙalin can kuma ya ba da umarnin sakinta bayan kwana biyu. 'Yan sa'o'i ne suka raba shiyya ta biyu da ta biyar a wannan shari'a. Shi ya sa lauyoyin da suka san aikin suke gaya wa iyali su riƙe lambar rajistar baƙo ta ɗan'uwansu, su kuma kira lauya a daren da aka kama shi, kada su jira wayewar gari.

A watan Satumba na 2025 hukumar BIA, a shari'ar Yajure Hurtado, ta ce duk wanda ya shigo ƙasar ba tare da jami'i ya tantance shi a kan iyaka ba, ko da ya yi shekara ashirin a ciki, alƙalin shige da fice ba shi da ikon ba shi beli. Alƙalan gunduma masu yawa a faɗin ƙasar sun ƙi wannan fassarar, amma a watan Fabrairun 2026 shiyya ta biyar, da rinjayen biyu da ɗaya, ta amince da ita. A nan ya kamata ka tambayi ƙanenka yadda ya shiga. Wanda ya sauka a filin jirgi da biza aka buga masa hatimi sannan wa'adinsa ya wuce yana ƙarƙashin wani sashe na doka daban, wanda a bisa al'ada yake ba da damar neman beli, amma wanda ya biyo ta Nikaragwa da Meziko ya tsallaka iyakar kudu, kamar yadda matasa da dama daga Afirka ta Yamma suka yi a 'yan shekarun nan, shi ne wannan hukunci yake hawa kansa.

Kora zuwa ƙasa ta uku ita ma ta taɓa yankinmu kai tsaye. Wani alƙali a Boston ya ba da umarni a Afrilun 2025 cewa kafin a kai mutum ƙasar da ba tasa ba, a sanar da shi a kuma ba shi damar faɗin ko yana tsoron azabtarwa a can. Shiyya ta ɗaya ta ƙi ɗage umarnin, amma Kotun Ƙoli ta dakatar da shi ranar 23 ga Yuni ba tare da masu rinjaye sun bayyana dalili ba. Bayan nan aka kai mutum takwas Sudan ta Kudu, a watan Satumba kuma Shugaba Mahama ya tabbatar da cewa Gana ta karɓi mutum 14 'yan Afirka ta Yamma, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Umarni ne na wucin gadi a takarda, amma ga wanda aka riga aka sauke a Juba ko Akara bambancin ba shi da wani amfani.

Ɓangaren takaddamar hukumomi ba ya jan hankalin masu sauraron rediyo, alhali shi ne ya sauya ƙasan da sauran shari'o'in suke tsaye a kai. Tun daga shari'ar Chevron ta 1984, ƙa'ida ita ce idan lafazin doka yana da harshen damo, kotu za ta bi fassarar hukumar da take aiwatar da dokar, matuƙar fassarar ba ta fita daga hankali ba. A ranar 28 ga Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wannan ƙa'ida a shari'ar Loper Bright, wadda masunta na New Jersey suka kawo saboda an ce su riƙa biyan kimanin dala 700 a rana ga jami'an sa ido da ake ɗora musu a jiragen ruwa. Yanzu alƙali ne zai faɗi ma'anar doka da kansa. Ba a daɗe ba aka ga tasirin: a Janairun 2025 shiyya ta shida ta soke dokokin hukumar sadarwa da suka hana kamfanonin intanet fifita wasu shafuka a kan wasu, bayan an shafe shekaru kotuna suna bin duk fassarar da hukumar ta kawo, ko ta gwamnatin Dimokurat ko ta Rifablikan.

Mutane da yawa sun ɗauki Loper Bright a matsayin nasarar 'yan kasuwa kawai, ni kuwa ina ganin baƙi suna cikin waɗanda za su iya amfana, domin tun 1999 kotuna suke sunkuya wa fassarar BIA a kan abubuwa kamar ma'anar "rukunin jama'a na musamman" a dokar mafaka, ko wane laifi ne yake jawo kora. Abin lura ne cewa fitaccen sukan da Neil Gorsuch ya yi wa Chevron a 2016, lokacin yana alƙali a shiyya ta goma, a shari'ar wani baƙo ɗan Meziko ya rubuta shi. Sai dai wannan 'yanci da aka ba alƙalai yana ƙara yawan saɓani, tunda a da fassarar hukuma guda tana haɗa kan shiyyoyi ko da ba su so, yanzu kuwa kowace shiyya da tata fahimtar. Kotun Ƙoli ta kuma ce tsofaffin hukunce-hukuncen da aka gina a kan Chevron ba su rushe haka kawai ba, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sau da yawa gwamnati tana faɗuwa ne a kan hanyar da ta bi. Dokar tsarin aikin hukumomi ta 1946 ta wajabta sanar da jama'a, sauraron ra'ayoyinsu da bayyana dalili. A Yulin 2025 shiyya ta takwas ta soke dokar hukumar kasuwanci da ta tilasta wa kamfanoni sauƙaƙa wa mutum fita daga rajistar biyan kuɗi ta wata-wata, saboda hukumar ta tsallake wani nazari na farko da ake buƙata ga duk dokar da tasirinta ya haura dala miliyan 100 a shekara. Haka aka yi da shirin DACA na 2012, mai kare waɗanda aka shigo da su suna yara: a 2020 Kotun Ƙoli ta hana gwamnatin Trump ta farko soke shi domin ba ta yi bayanin da ya gamsar ba, sannan a Janairun 2025 shiyya ta biyar ta ce wani ɓangare na shirin ya saɓa wa doka amma ta taƙaita hukuncin ga jihar Texas kaɗai.

A fagen haƙƙin jama'a, gardamar shekarun nan ta fi karkata ga tambayar wa yake da ikon shigar da ƙara. Sashe na 2 na dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 ya hana shata mazaɓu ta yadda za a raunana ƙuri'ar wata ƙabila, kuma shekaru da dama ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun masu zaɓe ne suke kawo mafi yawan ƙararrakin. A Nuwamban 2023 shiyya ta takwas, a wata shari'a daga Arkansas, ta ce Antoni Janar ne kaɗai dokar ta ba wannan iko, alhali a cikin wannan watan na Nuwamba shiyya ta biyar ta ce akasin haka a shari'ar mazaɓun Luwiziyana. A Mayun 2025 shiyya ta takwas ta ƙara toshe ɗaya hanyar da ta rage wa ɗaiɗaikun mutane ta shigar da irin wannan ƙara, a ƙarar da ƙabilun 'yan asalin ƙasa na Dakota ta Arewa suka kawo, har sai da Kotun Ƙoli ta dakatar da wannan hukunci a watan Yuli. Ba a goge ko harafi ɗaya daga dokar ba, amma a jihohi bakwai na shiyya ta takwas waɗannan hukunce-hukunce sun nemi mayar da amfaninta hannun Ma'aikatar Shari'a, wadda take sauya alƙibla da sauyin gwamnati. Ita ma shiyya ta biyar a Agustan 2024, a shari'ar gundumar Galveston, ta juya matsayinta na 1988 ta ce baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ba za su haɗa adadinsu su nemi mazaɓa guda a ƙarƙashin wannan sashe ba.

Ba kullum ne Kotun Ƙoli take ƙuntatawa ba, wani lokaci ita take gyara tsaurin kotunan shiyya. A shari'ar Barnes ta Mayun 2025, wadda ta taso daga harbe wani matashi a Houston a 2016 bayan an tsayar da shi kan kuɗin hanya, shiyya ta biyar ta duba daƙiƙu biyu na ƙarshe kawai, lokacin da ɗan sandan ya ce ransa yana cikin haɗari. Ɗaya daga cikin alƙalan shiyyar, Patrick Higginbotham, ya bi ƙa'idar kotunsa amma ya rubuta a fili yana roƙon a rushe ta, dukan alƙalai tara na Kotun Ƙoli kuma suka ce dole a duba abin da ya faru tun daga farko. A harkar aiki, shari'ar Groff ta 2023 tana da amfani ga Musulmi duk da cewa Kirista ne ma'aikacin gidan waya a Pensilbaniya ya kawo ta domin kada a sa shi aiki ranar Lahadi. Kafin ita, kotunan shiyya suna barin mai kamfani ya ƙi buƙatar addini da zarar ya nuna ɗan ƙaramin nauyi, yanzu kuwa sai ya nuna tsada mai yawa idan aka auna da girman kasuwancinsa. Mai neman a ba shi sa'a guda ya je masallacin Juma'a, ko matar da aka ce ta cire hijabi, suna tsaye a kan wannan hukunci da kuma na shari'ar Abercrombie ta 2015, wadda ta shafi wata Musulma da aka hana aiki saboda hijabinta. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 da take ba da wannan kariya tana aiki a kan ma'aikatun da suke da ma'aikata 15 ko fiye, ba ta kuma keɓanta ga 'yan ƙasa ba, amma sai an fara kai koke hukumar EEOC, mai yaƙi da nuna bambanci a wurin aiki, cikin kwana 180, ko 300 a wasu jihohi.

Inda kotunan nan ba su da tasiri sosai shi ne a kan wanda yake wajen Amurka yana neman biza. A 2017 da 2018 shiyya ta huɗu da ta tara sun ƙi goyon bayan dokokin hana shiga na gwamnatin Trump ta farko, waɗanda ɗaya daga cikinsu ta haɗa da Chadi na ɗan lokaci, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon shugaban ƙasa a shari'ar Hawaii ta Yunin 2018. Wannan ne ya share fage ga ƙuntatawar da aka yi wa Nijeriya a 2020, da sanarwar Yunin 2025 da ta rufe ƙofa ga Chadi da Sudan, da ta Disambar 2025 da ta ƙara Nijar a jerin cikakken hani ta kuma sa Nijeriya a jerin hani na wani ɓangare. Shawarar jami'in ofishin jakadanci a Abuja, Legas ko Yamai kusan ba ta dubuwa a kotu, kuma a shari'ar Muñoz ta 2024 Kotun Ƙoli ta ce ko Ba'amurkiyar da aka hana mijinta biza ba ta da wani haƙƙi na kundin tsarin mulki da zai tilasta a shigo da shi. Abin da ya rage shi ne ƙarar jinkiri, inda wanda ya ɗauki nauyin mai neman bizar yake roƙon kotun gunduma ta umarci ofishin ya yanke shawara a kan fayil ɗin da ya daɗe a ajiye. Ko an ci wannan ƙara, umarnin da ake samu shi ne a yanke shawara, shawarar kuma tana iya zama ta ƙi.